Ziyarar fadamun Dindir: abin da muka biya da abin da muka samu

A garuruwan Sudan da ke bakin kogin Bahar Azraƙ, wato Shuɗin Nilu, daga Madani zuwa Sinnar da Sinja, kafin yaƙi akwai masu motocin da suka mayar da kai baƙi gandun dajin Dindir sana'arsu ta rani. Mutum yakan biya kuɗi a dunƙule, su kuma su ɗauki nauyin mota da direba da mai da abinci da ruwan sha, su karɓo takardar izinin shiga, su kama wa baƙo wurin kwana a sansanin Galagu. Irin wannan hidima muka saya, ni da wasu 'yan uwa daga garin Mai Wurno da wani malamin makaranta daga Gadarif, a wani watan Fabrairu kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma a kanta nake son yin bayani, domin har yanzu matasanmu suna tambayar ko tafiyar ta cancanci wahalarta da kuɗinta. Amsata ita ce ta cancanta, amma da sharaɗin mutum ya san abin da za shi gani tun kafin ya hau mota. Wanda ya shirya mana tafiyar, zaki ya tallata mana, alhali arzikin Dindir a bakin ruwa yake, cikin fadamun da tsuntsaye ke taruwa, kuma mafi yawan abin da ya karkace a tafiyar daga wannan saɓanin ya samo asali.

An keɓe Dindir a 1935, zamanin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, bayan yarjejeniyar kare namun dajin Afirka da aka ƙulla a Landan a 1933, don haka yana cikin gandayen da suka fi daɗewa a nahiyar. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, ya taɓa jihohin Sinnar da Gadarif da Nilul Azraƙ, gabashinsa kuma ya jingina da iyakar Habasha, inda gandun Alatash ya ɗora daga nan. A 1979 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittu tare da la'akari da mutanen da ke zaune a kewayensu, sannan a 2005 ya zama wuri na farko a Sudan da aka shigar ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa wa hannu a Iran a 1971 domin kare fadamu da tafkuna masu muhimmanci ga duniya. Wanda yake da dangi a Nijeriya zai fi gane matsayin idan aka ce masa jerin da tafkin Nguru da fadamar Dagona suke ciki, shi ne Dindir ma yake ciki. An lissafa irin tsuntsaye sama da 160 a gandun, da manyan dabbobi iri 27, da kifi iri 32.

Dalilin da ya sa ruwa ke zama a wurin har ƙarshen rani ba zai yi wa wanda ya tashi a bakin kogi wuyar fahimta ba. Kogunan Dindir da Rahad daga tsaunukan Habasha suke gangarowa, su cika da damina har su yi ambaliya, sannan su yanke bayan kaka, su bar yashi da 'yan gurabe masu zurfi nan da can. Da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kogin Dindir yana tafiya ne yana lanƙwasa, kuma a tsawon zamani yakan yanke wata lanƙwasar ya canza hanya, tsohuwar hanyar ta zama kwari mai riƙe ruwa. Waɗannan kwaruruka, tare da gangarorin da ruwan sama da ƙoramu ke cikawa, su ne mutanen yankin ke kira mai'a, kuma sun haura 40. Gindinsu baƙar laka ce mai danƙo wadda ba ta barin ruwa ya nutse da wuri, saboda haka lokacin da dajin ƙayar talha da aduwa da ke kewaye ya bushe ƙayau, ciyawar bakin fadama tana nan kore shar. Duk mai rai a dajin, tun daga ɓauna har kurciya, dole ya biyo ta nan, kuma wanda ya iya zama a bakin ruwan bai da bukatar bin kowa cikin daji.

Hanya ba ta bukatar dogon bayani. Daga garin Dindir, inda ake tabbatar da takardun izini, kwalta ta ƙare, sai baƙar ƙasa mai tsattsagewa da ƙura na tsawon sa'o'i, ana ratsa ƙauyuka da gonakin dawa da riɗi da aka riga aka girbe. Wannan ƙasar ce ke sa a rufe gandun da damina, domin da zarar ta jiƙa babu motar da ke iya ratsa ta, kuma ba a komawa sai ta bushe, wajen Disamba zuwa Afrilu. A nan mai hidimarmu ya cancanci yabo. Motar tsohuwar Land Cruiser ce amma lafiyayya, da tayoyin canji biyu da jarkokin mai, takardunmu kuma an kammala su tun kafin mu iso, ba mu ɓata rabin yini a ofis ba. Direban ya san inda za a tsaya a yi salla da inda mai shayi take da ruwa mai tsabta, kuma bai taɓa gudun da zai wahalar da dattijon da ke cikinmu ba.

Sansanin Galagu yana kusa da inda ƙoramar Galagu ke haɗuwa da kogin Dindir. Bukkoki ne da rumfuna da gadajen angarib, wutar lantarki ta janareta ce ta 'yan sa'o'i da dare, waya kuma ba ta da amfani sai don ɗaukar hoto. Wanda ya zo neman otal zai ga kasawa, amma wanda ya saba kwana a gona lokacin girbi ba zai ga abin ƙorafi ba, sai dai ya kula da kayansa saboda gwaggon biri, wanda ya saba da baƙi har yana shiga rumfa ya ɗauki buhun burodi. Mai dafa abincin da aka haɗa mu da shi ya yi ƙoƙari: ful da safe, asida da miyar busasshiyar kuɓewa da rana, kisra da dare, a daren farko kuma ya gasa mana agashe mai kyau da ƙuli da yaji, aka bi shi da jabana, wato kofi. Inda mai shirya tafiyar ya gaza shi ne ruwan sha, wanda ya lissafa shi kamar za mu zauna a inuwa ne yini guda, har sai da muka riƙa tsimi da shi kafin komowa.

Ba a yawo a gandun sai da jagora daga 'yan sandan kula da namun daji, mai ɗauke da bindiga, kuma mutumin da aka ba mu shi ne ya mayar da tafiyar abin da ta zama. Dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda ya tashi a wani ƙauye na bakin Rahad tare da maƙwabta Hausawa, da ya ji muna Hausa sai ya gaishe mu da ita, mu kuma muka riƙa kiran sa Baba har muka rabu. Da malamin makarantar nan ya gaya masa cewa tsuntsaye muka fi so, sai fuskarsa ta sake, ya ce yawancin baƙi ba sa tambayar sa komai sai zaki. Tun a daren ya tsara mana yadda za a yi: a tashi da an idar da sallar asuba, a ajiye mota nesa da fadama, a ƙarasa da ƙafa ta gefen gabas. Da muka isa ya ce da ni, "Malam, ku bar rana a bayanku, ku zauna ƙasa, kada kowa ya nuna da hannu, kada kuma a yi magana sai na yi." Hikimar abin daga baya ta bayyana, domin idan rana tana bayan mai kallo launin kowane tsuntsu yana fitowa sarai, idan kuwa tana gabansa ba ya ganin komai sai baƙaƙen inuwoyi a kan ruwa mai ƙyalli. Ya san fadamun ɗaya bayan ɗaya, Ras Amir da Musa da Girerisa da Ainus Shams da Abdulgani, ya san wadda ke da ruwa a wannan shekarar da wadda ta ƙafe, kuma wannan sani ne da babu taswirar da za ta ba mutum.

Abin da muka gani a safiyar nan shi ne dalilin wannan rubutu. Kafin gari ya waye sosai kunne ne ke aiki: fito-fiton kirinjijiya da ke dawowa daga kiwon dare, ƙarar zakaran ƙeƙuwa da ya hango mu ya ƙi yin shiru, da wani kuka mai zurfi daga can nesa wanda Baba ya ce na gauraka ne. Da haske ya sauka sai ga fadamar cike. A cikin ruwa mai zurfi akwai kwasakwasa masu yawa, kuma yadda suke kamun kifi ya riƙe mu fiye da komai, domin sukan jeru su yi rabin da'ira, su tura kifi zuwa gaɓa, sannan su tsoma bakunansu a lokaci guda su ɗago a lokaci guda, kamar masuntanmu na Bahar Azraƙ idan sun haɗu suna jan taru. A bayansu tsagagi yana tafe a hankali da bakinsa a buɗe cikin ruwa yana motsa laka da ƙafa ɗaya, jinjimi yana tonon gefe, zalɓe kuwa ya tsaya cak har mutum ya manta da shi, sai kwatsam ya soki karfasa. Dinya ta mamaye ciyawar gaɓa, babba-da-jaka yana tsaye a busasshiyar laka yana jiran abin da wani zai yar, kuma a kan wata matacciyar bishiya mikiyar ruwa mai farin kai ta jefa kanta baya ta yi kukan da ake ji daga ƙarshen fadamar zuwa ƙarshe.

Baba ya bayyana mana cewa Fabrairu da Maris ne kasuwar ke ci, domin a lokacin ruwa yana janyewa, tarwaɗa da karfasa suna matsuwa cikin ɗan abin da ya rage, masu cin kifi kuma suna zuwa daga ko'ina. Wanda ya zo da wuri zai tarar da ruwa ya bazu, ciyawa ta fi mutum tsawo, tsuntsayen sun warwatsu. Wanda ya makara zuwa Afrilu zai ga taro mai yawa amma zafin da ke haura maki 40 zai kore shi daga bakin ruwa tun hantsi. Gauraka biyu suka sauka kusa da mu har muna ganin zinariyar tukkunsu da jan kumatunsu, suka yi 'yar rawarsu ta tsalle da buɗe fukafukai. Dattijon da ke tare da mu ya ce rabonsa da ganin gauraka tun yana yaro, lokacin da take sauka a gonakin bayan gari, kuma na ga yadda abin ya taɓa shi. Da hantsi ya yi sai dabbobi suka fara fitowa, kwanta-rafi da gwambaza da mugun dawa da 'ya'yansa, daga baya garken ɓauna, balbela tana bin ƙafafunsu, carki yana kan bayansu yana cire kaska.

Ba duk tsuntsayen fadamar ne 'yan gida ba. Cikin taron akwai ƙananan agwagi da 'yan tsuntsayen gaɓa masu dogayen ƙafafu waɗanda a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, suna gudo wa sanyin can ne su yi rani a nan, domin Sudan tana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ƙaurar tsuntsaye na duniya. Farar shamuwar Turai, wadda ba ta son ƙetare teku mai faɗi saboda da iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa take hawa sama, takan zagayo ta Turkiyya da ƙasar Sham da Sina'i, sannan ta bi kogin Nilu ta gangaro. Malamin makarantar ya ba mu labarin da ya dace da wurin: a 1822 aka harbo irin wannan shamuwa kusa da garin Klütz na Jamus da wata doguwar kibiyar Afirka a soke a wuyanta, kuma ita ce ta zama hujjar da ta nuna wa Turawa inda tsuntsayensu ke zuwa da hunturu, har yau gawarta tana ajiye a jami'ar Rostock. Shamuwarmu baƙa kuwa, wadda ke sheƙa a kan bishiyoyin gari ta yi mana albishir da damina, ba a ganin ta a wannan lokaci, domin tana can kudancin Afirka sai ruwa ya kusa. Yana da kyau mai zuwa ya san haka, kada ya zaci ta ɓace.

A dajin da ke tsakanin fadamun ma akwai abin kallo, ko da yake a guje muka ratsa shi. Zabi suna ƙetare hanya garke-garke, fakara tana tashi daga gindin ciyawa, cilakowa tana bin mota daga reshe zuwa reshe, kuma mun ci karo da burtu yana taku da iyalinsa, tsuntsun da maharban ƙasar Hausa ke ɗaura kansa a goshi don su kusanci nama. Mun hangi jimina daga nesa. A gaɓar kogin, inda goruba da tsamiya da ɓaure suka yi duhuwa, akwai jajayen tsuntsayen nan masu cin ƙudan zuma, da gurabe masu kada waɗanda Baba ya hana kowa kusantar su ko da don alwala.

Yanzu sai abin da bai yi daɗi ba, kuma dukkansa a wuyan wanda ya shirya tafiyar yake. Tsarinsa na asali shi ne a sha shayi a natse, a fita bayan rana ta ɗaga, a yi ta zagaye da mota ana neman zaki, a komo cin fatur, wato abincin hantsi, a kwanta, a sake fita neman zaki da la'asar. Da mun bi wannan tsari da ba mu ga ko rabin abin da na ambata ba, domin sa'o'i biyun farko na safiya su ne fadama take raye, kuma sai da aka yi doguwar muhawara, Baba ya goyi bayanmu, sannan aka yarda a sauya. Mutumin da ke karɓar kuɗin jama'a don ya kai su wurin da duniya ta san shi da tsuntsaye bai kamata a ce sai baƙi sun koya masa lokacin fita ba. An yi mana alkawarin madubin hangen nesa, sai aka zo da guda ɗaya tak na mutum shida, idonsa ɗaya ma ya yi hazo. Babu littafin hotunan tsuntsaye ko ɗaya a motar, saboda haka duk tsuntsun da Baba ya kira da sunan Larabcin yankin kuma dattijonmu bai san shi da Hausa ba, haka ya wuce ba mu tantance shi ba. Waɗannan kaya ba su kai kuɗin taya ɗaya ba, rashinsu kuwa yana rage rabin amfanin tafiyar.

Ba ina cewa babu zaki ba ne. Binciken da masana na Sudan da na jami'ar Oxford suka buga a 2019 ya ƙiyasta kimanin zakuna 150 a Dindir, bayan da a 2016 aka tabbatar da samuwarsu a Alatash da na'urorin ɗaukar hoto da aka ɗaura a daji. Mun ji rurinsa da dare daga sansani, mun kuma ga sawunsa a yashin kogi da safe. Amma zakuna 150 a fili mai wannan faɗi, cikin doguwar ciyawa, ganinsu rabo ne, kuma wanda ya sayar da tafiya da sunan zaki ya sayar da abin da ba ya hannunsa. Abin da ke biyo baya shi ne baƙi su koma gida suna cewa ba su ga komai ba, bayan sun wuce dubban tsuntsaye ba su waiwaya ba. Mun haɗu da wata motar baƙi a Ras Amir waɗanda suka iso da kiɗa a sake, suka tsaya daf da ruwa, fadamar ta tashi gaba ɗaya, suka ɗauki hoton juna suka tafi.

Akwai gazawar da ta fi waɗannan nauyi, domin ta shafi lafiya. Yankin Dindir da Rahad da Gadarif yana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yawa a duniya, kuma ɗan ƙwaron da ke yaɗa ta, wanda bai kai sauro girma ba, a irin wannan daji na talha da aduwa da tsagaggiyar baƙar ƙasa yake rayuwa, yana cizo da dare, ya fi kuma yawa a ƙarshen rani. Cutar takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta bayyana da zazzaɓi mai daɗewa da rama da kumburin saifa, tana kisa idan ba a yi magani ba, tana kuma warkewa idan an je asibiti da wuri. Mutanen Gadarif sun san ta sarai, shi ya sa malamin makarantar ya zo da gidan sauro mai ƙananan ƙofofi wanda aka jiƙa da magani, ya kuma sa muka nemi namu a garin Dindir. Mai shirya tafiyar bai ce mana uffan a kan wannan ba, kuma wanda ya zo daga Hartum ko daga Jidda ba tare da wani ya faɗa masa ba zai iya shimfiɗa tabarma a waje saboda zafi. Wannan shiru ba ƙaramin sakaci ba ne. Duk wanda ya dawo daga yankin ya ga zazzaɓi ya ƙi sauka, ya gaya wa likita inda ya je.

Da yamma ta ƙarshe muka koma bakin ruwa, a nan ne jan-baki ya sauko sha. Garken ya rufe sashen sama, ya juya ya lanƙwasa, ƙarar fukafukansa ta danne kowace murya, rassan talha suka sunkuya da nauyinsa. Ni abin ya burge ni, amma ɗan uwana da ke noman dawa bai ga abin sha'awa ba ko kaɗan, ya ce wannan garken zai iya cinye gonarsa kafin azahar, kuma gaskiya ya faɗa. Maganarsa ta buɗe hirar da ta fi kowace amfani a tafiyar, wato yadda gandun yake da maƙwabtansa. Noman inji da aka fara a yankin Gadarif a shekarun 1940 ya yi ta faɗaɗa har ya cinye filayen da namun daji ke komawa da damina da burtalin makiyaya, fari na 1984 ya ƙara turo jama'a bakin kogunan, makiyaya kuma da suka rasa wurin kiwo sai su kutsa cikin gandun da rani. Gobarar daji da sare itace da zaizayar ƙasa suna cika mashigar fadamu da laka, har wasu sun daina ɗaukar ruwa sai an yashe su. Raƙumin dawa, wanda dattawan yankin suka sani, ya ɓace daga Dindir tun shekarun 1980.

Mu Hausawan wannan yanki ba 'yan kallo ba ne a wannan magana. Tun da kakanninmu suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda hanyar hajji ta zaunar da su, jama'armu suke noma da kamun kifi da busar da shi ya zama kajaik a bakin waɗannan koguna, kuma cikin waɗanda dokar gandun ke takura wa akwai namu. Ban ga laifin dokar ba, domin fadamar da aka kwashe kifinta kwasakwasa ba za ta sake sauka a cikinta ba. Abin da nake gani shi ne masu kai baƙi suna da rawar da ba su taka ba. Motarmu ta sayo komai daga birni, har albasa, ta ratsa ƙauyukan bakin gandun ba ta bar musu komai ba sai ƙura. Da za a riƙa sayen kaji da zuma da godogodo a wurinsu, a ɗauki samarinsu da suka san kowane tsuntsu da kukansa a matsayin mataimakan jagora, da mai gona zai fara ganin cewa gauraka mai rai tana kawo masa wani abu.

Ga iyali, tafiyar tana yiwuwa idan an shirya. Mata da ke cikin wata tawagar da muka tarar an ware musu bukka da makewayi, kuma yaran da suka kai shekarun makaranta sun fi manya haƙurin zama idan aka ba su madubi a hannu. Jarirai da masu ciwon baya hanyar za ta wahalar da su.

Ban kawo farashi ba, domin darajar fam, kuɗin Sudan, ta sauya ƙwarai tun daga lokacin, kuma yaƙin da ya iso jihar Sinnar a tsakiyar 2024, inda Sinja da garin Dindir suka shiga hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati na wasu watanni kafin sojoji su karɓe su a ƙarshen shekarar, ya tarwatsa jama'a da dama, ciki har da masu wannan sana'a. Kada kowa ya kama hanya sai ya ji ta bakin hukumar kula da namun daji a kan izini da halin tsaro. Idan lokacin ya yi, a daidaita da mai mota tun kafin a biya cewa fita bayan asuba ce, a ga madubin hangen nesa da ido a gwada shi, a ƙidaya jarkokin ruwa, kowa ya ɗauki gidan sauronsa da tufafi marasa haske da takalmi rufaffe. Alherin da za a yi wa jagora kuma a ware shi daban daga kuɗin tafiya, a miƙa masa hannu da hannu.